Lofe a Ƙasar Guddiri: Tukunyar da Ba Ta Dafa Tuwo

Duk mutumin ƙasar Katagum, wato ƙasar Guddiri, da Allah ya ja kwanansa har ya haura sittin, in ya zauna shi kaɗai ya tuno zaurukan da ya yi ƙuruciya a cikinsu, da wuya ya rasa wani tsoho a can kusurwa, zaune bisa buzu, ya jingina da bango, riƙe da wata 'yar tukunyar yumɓu mai dogon mariƙi, yana zuƙa sannu-sannu, idanu a lumshe kamar mai gyangyaɗi, alhali kuwa babu kalma guda ta hirar zauren da ta kuɓuce masa. Wannan 'yar tukunya ita ake kira lofe, wasu kuma su ce tukunyar taba. A wancan zamani lofe bai kai abin kallo ba, balle abin rubutawa a jarida. Amma da na shiga kasuwar Azare a hunturun da ya wuce ina cigiyarsa, sai da na yi kwana uku ina zagaye. Samari masu tebur suka riƙa duban juna. Ɗaya ya ce ko shisha nake nufi, wani kuma, don ya nuna ya fi 'yan'uwansa sani, ya ce ai wannan kayan Turawan da ne, a fim ake ganinsa. Sai a rana ta uku wata tsohuwa mai sayar da taba gari da kanwa ta ji tambayata, ta yi dariya har na ga haƙoranta da fure ya rina tun tana amarya, sa'an nan ta kwatanta mini gidan wani dattijo a bayan gari.

Tun ba mu yi nisa ba ya kamata in fayyace maƙasudina, don kada mai karatu ya zaci talla na zo yi wa taba. Ban zo kiran kowa zuwa ga hayaƙi ba, kuma abin da likitoci suka tabbatar a kansa zai zo a muhallinsa ba da sakayawa ba. Abin da ya ja ni shi ne, lofe yana da ilminsa da ladubbansa, waɗanda aka yi wajen shekara ɗari huɗu ana miƙa su daga baki zuwa baki, ga su kuwa suna gab da shiga kushewa tare da masu su. Kuma wanda bai san irin wahalar da lofe yake ba mai shi ba, ba zai gane abin da ya sa sigari ta ci ƙasar nan kafin ƙiftawa da bismilla ba.

Ita taba baƙuwa ce a duk duniyar Musulmi. Sahabbai ba su san ta ba, Imamu Malik bai ji warinta a Madina ba, haka mai Risala da mai Muhtasar, waɗanda almajirai ke biya littattafansu a zaurukanmu har gobe, sun koma ga Ubangijinsu ba su ga ganyenta ba, domin tsiro ne na nahiyar Amurka, bai kuwa ƙetaro teku ba sai bayan tafiyar Kolumbus ta 1492. Daga nan jiragen Fotugal da na Sifen suka yi ta yawo da ita gaɓa-gaɓa, har wani jakadan Faransa a birnin Lisbon, mai suna Jean Nicot, ya aika da ita fadar ƙasarsu wajejen 1560 da sunan magani, abin da ya sa har yau dafin da ke cikinta yake amsa sunansa, wato nikotin. Kafin ƙarni na 16 ya cika ta riga ta sauka Tambutu da Marrakush. Sunan ma da muke kiranta da shi ɗan'uwan wanda Larabawa da Turawa suke kiranta da shi ne. Da sunanta ta zo, ba mu muka raɗa mata ba.

Ƙasar Katagum kuwa, da yake a kan gwadaben da ya haɗa Kano da Borno take, babu abin da zai biyo ayari ya wuce ba ta ɗanɗana ba. Masu tonon kufai sun tsinci fasassun tukwanen taba a Birnin Gazargamu, tsohuwar alƙaryar sarakunan Borno, wadda Malam Zaki, mai tutar Shehu Usmanu kuma wanda ya kafa sarautar Katagum, ya ci da yaƙi a zamanin jihadi. Har ma ya zama ƙa'ida a wurin masu wannan fanni cewa in aka haƙa ƙasa a Afirka ta Yamma aka tarar da ɓarin lofe, to, galibi abin da yake kwance tare da shi bai girmi shekarar 1600 ba. Ashe abin da tsoho ya yar a juji shi ya zama kalandar masana. Ta wannan gwadabe na Kano da Borno ne Bature matafiyi Clapperton da abokin tafiyarsa, likita Oudney, suka sauka Katagum a farkon 1824, zamanin Sarki Ɗankauwa, kafin ajali ya riski likitan a Murmur. Kuma ta nan ne jakuna da takarkarai suke shigowa da kanwa daga gabas, har da ungurnu ta bakin Tafkin Chadi, wadda ta zama abokiyar zaman taba tun saukarta. Da aka mayar da gadon sarauta Azare a 1916, fatauci ya bi fada, taba ma ta bi fatauci. Kashi uku aka yi mata: ganye a busar a zuba a lofe, ko a niƙa da kanwa a matsa a leɓe ko a shaƙa, furen kuma mata su goge haƙora da shi a bi da goro.

Da baƙuwa ta sauka sai malamai suka tashi neman hukuncinta, kuma da yake babu nassi a kanta dole aka koma ga ƙiyasi, shi kuwa ƙiyasi fage ne mai faɗi, kowa da inda dokinsa yake kai shi. Shehu Ahmadu Baba na Tambutu, wanda rundunar Maroko ta kama ta kai Marrakush a 1594 bayan faɗuwar daular Songhai, ya rubuta fatawa a 1607 yana halatta ta, bisa hujjar cewa tsiro ne mai tsarki, kuma ba ya gusar da hankali yadda giya take yi. A Masar, Shehu Ibrahim Laƙƙani, wanda malamanmu suka sani ta hanyar Jauharatut Tauhidi, ya wallafa risala yana hani da ita, shi kuwa Shehu Aliyu Ajhuri ya wallafa tasa yana halatta wa duk wanda ba ta taɓa masa hankali. Su biyun nan gari ɗaya suke, mazhaba ɗaya, zamani ɗaya, kowannensu kuma tekun ilmi ne. Masu hani suka ce ko ba ta sa maye tana kashe jiki, tana da wari mai cutar da mala'iku da masallata kamar ɗanyen albasa da tafarnuwa, kuma tabziri ce, tun da dukiya ake ƙonawa ba ta yi maganin yunwa ko ƙishirwa ba. Masu halattawa suka ce asalin abubuwa halacci ne har sai dalili ya zo, kuma haramta abin da Allah bai haramta ba ba ƙaramar kasada ba ce. Da yawa suka tsaya a tsakiya suka ce makaruhi. Inda kowa ya haɗu shi ne tana karya azumi.

Sarakuna ba su jira malamai sun gama muhawara ba. Sarkin Ingila James na Ɗaya ya rubuta takarda yana la'antarta a 1604, sa'an nan ya lafta mata haraji. Sarkin Istambul Muradu na Huɗu ya hana ta a 1633, har da hukuncin kisa. Na Istambul ya mutu aka ci gaba da busawa, magadan na Ingila kuwa suka gane haraji ya fi takobi kawo riba, kuma wannan darasi gwamnatocin duniya ba su manta da shi ba har yau. A nan kusa da mu, Fulanin Masina na Hamdallahi sun hana taba a ƙasarsu, har lokacin da Bature matafiyi Barth, wanda aka sani da Abdulkarimu, ya sauka Tambutu a 1853 ya tarar da wannan hani yana cikin abubuwan da ake takaddama a kansu tsakanin masu mulki da mutanen gari. Shehu Ahmadu Tijjani ya tsananta hani ga muridansa, saboda haka yaɗuwar ɗariƙarsa a Arewa, musamman bayan da Shehu Ibrahim Inyas ya fara zuwa Kano, ta raba hannuwa da yawa da lofe. Da Izala ta kafu a Jos a 1978, malamanta ma ba su yi wa taba sassauci ba. Ga dai mas'ala guda da ɗariƙa da Izala, waɗanda ba kasafai suke shan inuwa ɗaya ba, suka yi tarayya a kanta.

Wannan ne ya sa, a ganina, taba ba ta taɓa samun kujerar da goro ya samu a wurin Bahaushe ba. Da goro ake neman aure, da shi ake raɗin suna, da shi ake ban haƙuri; ban taɓa jin an raba taba a ɗaurin aure ba. Ɗa ba ya busa hayaƙi a gaban ubansa ko da ya yi furfura. Sai lofe ya zauna a hannun manoma da masunta da maƙera da fatake, da tsofaffin da shekaru suka kai su inda ba mai yi musu faɗa.

Dattijon da aka kwatanta mini yana cikin kashi na ƙarshe. Babarbare ne, da zanensa raɗau a kumatu, ya ba tamanin baya, kuma a ƙuruciyarsa ya yi fataucin kanwa a kan jaki kafin ya koma noma. Na same shi bayan la'asar a gindin darbejiya, muka gaisa, na durƙusa na miƙa ɗan goron da na riƙo, sa'an nan na ce, "Baba, koyo na zo yi."

Ya dube ni tun daga hula har takalmi, ya ce, "Koyon me, ɗana? Duk karatun bokon ya ƙare ne?"

Da na faɗa masa, sai ya yi shiru wani lokaci, sa'an nan ya ce, "To, ka dai san taba ta bambanta da garin gero." Ya sa hannu cikin burgami ya fito da kayan aiki ɗaya bayan ɗaya ya jera a kan buzu, kamar wanzami zai yi aski: tukunyar kanta, wadda ba ta fi ƙwan zabo girma ba, ja ce asalinta amma hannu da hayaƙi sun mayar da ita baƙa mai sheƙi, da ɗan zane a jikinta irin na ƙwarya, mariƙin gora mai tsawon kamu ɗaya da ɗoriya, an naɗe bakinsa da jar fata, battar taba, tsinken ƙarfe, tsohuwar ƙusa mai faɗin kai, da ƙyastu, wanda ya ce ya yi shekara arba'in bai ƙyasta ba, amma ba ya iya rabuwa da shi domin na mahaifinsa ne.

Darasin farko ba a kan wuta yake ba, a kan ganye yake. Ya ɗebo kaɗan ya murza tsakanin yatsa biyu ya ce in duba. In ya ruguje ya zama gari, ya bushe da yawa, zai ci wuta kamar ciyawar kaka ya ƙone harshe. In ya dunƙule ya manne, ya yi laima, sai a yi ta kunnawa yana mutuwa, mariƙi yana ƙarar ruwa kamar maƙogwaron mai mura. Wanda ake so shi ne wanda in an matsa ya lanƙwashe, in an saki ya miƙe a hankali. Da hunturu, lokacin da iska take busar da kome har leɓen mutum, yakan naɗe battar da ɗan tsumma mai danshi ta kwana. Da damina kuma sai ya baza ganyen a inuwa ya sha iska kafin ya zuba.

Sa'an nan ɗuri, wanda shi ne asirin abin gaba ɗaya. Ya jefa ɗan tsingaro ƙarami a ƙasan tukunya don kada gari ya toshe ƙofar hayaƙi, ya yayyafa ganye har ta cika ba tare da ya danna ba, ya taɓa shi da yatsa ya sauka zuwa rabi, ya ƙara ya danna da ɗan ƙarfi, ya sake ƙarawa ya danna fiye da na biyu, ta yadda ƙasa ta zauna sakwa-sakwa, sama kuwa ta ɗaure. Na tambayi hikimar haka. Ya ce, "Je ka tambayi uwarka yadda ake jera itace a murhu. In ta cusa ta danƙare, wuta za ta ci? Wuta ai iska take ci kafin ta ci itace." Kafin ya kunna sai da ya zuƙa a bushe ya ji ko hanya a buɗe take, ya ce in ka ji kana kokawa da shi, zazzage ka sake, kada ka yi wa kanka rowar minti ɗaya ka sayi ɓacin ran rabin sa'a.

Jikarsa ta kawo garwashi a sakaina. Ya ɗauki ƙarami da tsinke biyu ya ɗora a kan ganyen, ya ja sau uku ko huɗu, ganyen ya kumbura ya taso, wutar ta mutu. Na zaci kuskure aka yi, ashe haka sunnar abin take: wutar farko ta share fage ce, sai a danne tokar da kan ƙusa a hankali har ta yi lebur, sa'an nan a sake kunnawa, wannan ta biyun ita ce mai zama. Mai amfani da ashana, in ji shi, ya bari kan ya gama ci warin ya fita tukuna, in ba haka ba ashana zai sha, ba taba ba. Zuƙar kuwa kamar kurɓar kunu mai zafi ce, kaɗan-kaɗan, a riƙe a baki a saki, ba a kai ta ƙirji. In tukunya ta yi zafin da tafin hannu ba ya jurewa, to, gaggawa ta shigo, sai a ajiye ta huce. Mutuwar wuta ba abin kunya ba ce, ya ce, yaro ne kaɗai yake jin kunyar sake kunnawa.

A nan ne ƙarfin halin ɗan boko ya ɗebe ni na ce a ba ni in gwada. Ya hana sau biyu, a na uku ya ciro wani sabon mariƙi ya sa, ya miƙo mini. Duk abin da aka gaya mini na ji, na kuma rubuta a ɗan littafina, amma da bakina ya kama mariƙin sai na ja kamar mai tsotson rake. Harshena ya ɗauki zafi kamar na lashi bakin tanda, tari ya sarƙe ni, hawaye suka zubo. Ban gama da wannan ba sai na ji darbejiya ta fara juyawa, gumi mai sanyi ya karyo mini a cikin hunturu, shaƙuwa ta kama ni, zuciyata ta tashi. Yara suna bayan zana suna ƙyaƙyata dariya. Tsohon bai ko murmusa ba, ya karɓe kayansa, ya sa aka kawo mini ruwa, ya ce in kishingiɗa, sa'an nan ya ce, "Kowa ya ɗebo da zafi, bakinsa." Kwana biyu na yi ban san ɗanɗanon miyar kuka ba.

Daga baya na fahimci abin da ya same ni ba baƙon abu ba ne a wurin likitoci: dafin nikotin ne ya shiga jikin da bai san shi ba, jikin kuwa ya faɗi gaskiyarsa. Abin da ake kira iya shan taba, in an bi diddigi, rabinsa koya wa jiki ne ya daina wannan ƙorafi. Akwai kuma wani sirri a nan wanda kowace mai girki za ta gane, domin ta san kanwa ita ke kashe tsami. Nikotin ba ya ratsa fatar baki da sauƙi sai in yana cikin abu mai ɗabi'ar kanwa, shi ya sa kakanninmu, ba tare da sun shiga ɗakin gwaji ba, suka gano taba gari ba ta kamawa sai da ungurnu. Hayaƙin ganyen da aka busar a iska, irin na lofe, ya karkata ga ɗabi'ar kanwa, saboda haka yana da kaushi a maƙogwaro, kuma baki kaɗai ya isa ya sha dafinsa. Ganyen sigari kuwa da zafin bututu ake busar da shi, hayaƙinsa ya karkata ga tsami, ba ya shiga ta baki sosai, amma yana da laushin da za a iya ja har huhu, daga huhu kuma ya isa ƙwaƙwalwa cikin 'yan daƙiƙu. Laushin nan shi ne tarkon.

Kula da lofe ya fi shan sa cin lokaci. Ba a zazzage shi da zafi, kuma ba a ƙwanƙwasa shi a dutse ko a ƙafar kujera, domin wuyansa, inda mariƙi yake shiga, nan ne ajalinsa. A tafin hannu ake bugawa, abin da ya maƙale a sa tsinke. Mariƙi kuma kullum sai an zura masa gashin kaza ko tsinke da auduga, don akwai wani baƙin maiƙo mai ɗaci da yake taruwa a ciki, wanda in ya kai harshe sau ɗaya mutum ba zai so ya maimaita ba. Da ya zaro audugar ya nuna mini, sai na ce a raina, wannan wanda ya tsaya a hanya ke nan, ina wanda ya wuce? In tukunya ta yi tsami, wato ta sha maiƙo har ɗanɗanonta ya ɓaci, sai a cire mariƙi a binne ta cikin garwashin murhu bayan an sauke tuwon dare, ta kwana a nan wuta ta cinye dattin, da safe a tono ta a bar ta ta huce da kanta. Wanda ya yi gaggawa ya tsoma ta a ruwa, sai dai ya tsinci tsingaro. Mai hali yakan ajiye biyu, yau wannan gobe waccan, don kowace ta samu ta bushe.

Lofen Turawa, wanda aka saba gani a bakin Joji da Di'o, kuma wasu ma'aikatan En'e da tsofaffin sojan Bama suka kwaikwaya, hukuncinsa daban ne. Daga saiwar wani itace mai taurin gaske na gaɓar Bahar Rum ake sassaƙa shi, kuma garin Saint-Claude na Faransa ya yi suna da wannan sana'a tun tsakiyar ƙarni na 19. Shi ba a kai shi kusa da murhu, tun da itace ne. Maimakon a ƙone dattinsa, lallaɓa shi ake yi har wani siririn ɓawon gawayi ya kwanta a cikinsa ya zama garkuwa tsakanin wuta da itace, in ya yi kauri a kankare. Masu shekaru za su tuna hoton Firayim Ministan Ingila Harold Wilson, wanda ya zo Legas a 1969 ana tsakiyar yaƙin basasa, mutumin da ba a cika ganinsa ba lofe a hannu ba. Amma wannan iri bai yi saiwa a ƙasar Guddiri ba, ado ne na 'yan ƙalilan, ya tafi tare da zamaninsa.

Abin da ya kashe lofe ba wa'azi ba ne kaɗai, ƙanwarsa sigari ce ta kashe shi. A 1881 wani Ba'amurke mai suna James Bonsack ya yi rajistar injin da yake naɗe sigari wajen 120,000 a yini, abin da hannu ba zai yi ba ko a wata. Kafin a jima kaya suka iso gaɓar tekunmu, aka kafa masana'anta a Ibadan a 1937, aka kafa wata a Zariya a 1959, har ta kai ba ƙauyen da mai tebur ba ya sayar da ita kara-kara. Sai a duba bambancin. Mai lofe yana bukatar wurin zama, da garwashi, da rabin sa'a wadda ba kowa yake nemansa ba. Ba ya sha yana huɗa, ba ya sha a kan keke, ba ya iya ɓoye shi a aljihu, kuma yaro ba shi da halin sace wannan tarkace duka ya laɓe a bayan makaranta. Wahalarsa ita ce linzaminsa. Sigari ta zo ta cire linzamin ta bar dafin, ta ƙara masa hanya zuwa huhu, ta mayar da abin da tsoho yake yi sau biyu a yini abin da saurayi yake yi sau ashirin.

Kada wannan ya sa a zaci lofe mai gaskiya ne. Tun 1795 wani likitan Jamus, Soemmerring, ya lura da yawan ciwon dajin leɓe a tsakanin masu lofe, shekara ɗari da hamsin da biyar kafin masana biyu, Doll da Hill, su buga bincikensu na 1950 a Ingila wanda ya danganta sigari da dajin huhu. Wanda ba ya kai hayaƙi ƙirji bai tsira ba, domin leɓe da harshe da maƙogwaro da maƙoshi duk a kan hanya suke, zuciya da huhu ma suna samun rabonsu. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce taba tana kashe fiye da mutum miliyan 7 a kowace shekara, binciken da aka yi a Nijeriya a 2012 kuma ya nuna manya wajen miliyan 4 da rabi suna amfani da ita. Da a ce wannan ilmi ya riski Ahmadu Baba da Ajhuri, ina kyautata zaton da fatawarsu ta sauya, tun da su da kansu ba su halatta abin da cutarsa ta tabbata ba. Dokar da aka sa wa hannu a 2015 ta hana sayar wa wanda bai kai shekara 18 ba, ta hana sayarwa kara-kara, ta hana sha a wuraren taruwar jama'a. Wanda yake son ya san inda dokar ta tsaya, ya je ya tsaya minti goma a gaban mai tebur da dare. Ga shisha kuma ta shigo, wadda ba kome ba ce illa lofe ya yi wanka ya sa turare ya dawo wurin jikoki, har hukumar Mali, ƙasar da kufan Hamdallahi yake cikinta, ta hana ta a 2022. A Azare, garin da aka kafa wa jami'ar tarayya ta ilmin kiwon lafiya a 2021, bai kamata wannan magana ta zama baƙuwa ba.

Na karanta wa tsohon wasu daga cikin waɗannan, ina tsammanin zai yi musu. Bai yi ba. Ya ce 'ya'yansa maza huɗu ne, ba wanda ya bari ya taɓa, kuma da ya kama ɗaya da sigari sai da maƙwabta suka ƙwace shi. Na ce, "To, kai fa, Baba?" Ya ce, "Sabo turken wawa, ɗana. Ni an riga an ɗaure ni."

Muna cikin haka sai ga wani malami Bafillace, sa'arsa, ya ɓullo da buta a hannu za shi masallaci. Tun daga nesa ya toshe hanci ya ce, "Kai, bawana, har yanzu kana gwajin hayaƙin can tun a nan?" Tsohon ya ce, "Allah ya gafarta Malam, ai ubangida ba ya sauraron fatawar bawansa. Wuce, ina tafe." Suka yi dariyar da na ga alama sun shekara hamsin suna yin irinta. Ya buga tukunyar a tafin hannunsa, toka ta zube, a nan ne na lura da wata 'yar tsaga a wuyanta wadda aka ɗaure da zaren waya. Na tambaye shi inda zai sami wata in wannan ta fashe. Ya ce maginin da ya yi ta ya rasu tun zamanin Shagari, jikokinsa robobi suke sayarwa a tasha. Ya naɗe ta a tsumma ya mayar cikin burgami, ya kuskure baki sau uku, ya ciro asuwaki ya daɗe yana gogawa, ya sauya riga, sa'an nan ya ce wa jikar ta kwashe garwashin kada akuya ta taka.